Sautin jitata yana fita kamar daga cikin randa, a taimaka da shawara

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum. Da fatan an wuni lafiya. Wata matsala ce ta dame ni kusan sati biyu ke nan, na ce bari in kawo ta gaban manya.

Jitata ta katako ce, irin wadda ba a jona ta da wuta. In na zauna ina kaɗawa a ɗaki, wallahi sautinta yana min daɗi, har ƙanwata takan tsaya a bakin ƙofa ta saurara. Amma da zarar na ɗauka a kwamfuta na sa hedfon, sai in ji wani abu dabam. Sautin ya yi kauri ya cushe, kamar an zura kai cikin randa, musamman in na kama sautin da ake kira G. Sannan akwai wani ƙugi "mmmm" a ƙasa, ba ya tsayawa ko ban taɓa jitar ba. In kuma na kaɗa da ɗan ƙarfi sai sautin ya tsage.

Makirufona kwandensa ne, irin mai saurin kwaso sauti, ina jona shi da ƙaramin saun kad, na'urar da ke shigar da sauti kwamfuta, daga nan zuwa laftof, ina ɗauka da manhajar Audacity. Ɗakin ƙafa 12 da 12 ne, ƙasa tayil, bango siminti. Na ɗan tara kuɗi, tunanina in sayar da makirufon in cika in sayi babba. Me kuka gani?

Ɗan Zangon Kumasi:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni dai sayar da shi zan ce ka yi. Kwandensa ba na ɗakunanmu ba ne, komai yake kwasa, har kukan akuyar maƙwabta. Nemi Shure SM57, makirufo ne dainamik, ba mai saurin kwaso sauti kamar kwandensa ba, shi ba ruwansa da ɗaki.

Oga Mai Studiyo:
Ƙanena na Gwammaja, riƙe kuɗinka tukuna. Abu uku ka lissafa, kuma kowanne da tushensa dabam, ban ga wanda sabon makirufo zai warkar kai tsaye ba. Amsa min waɗannan. Ina kake saita bakin makirufon a jikin jitar, kuma tazarar nawa? Laftof ɗin yana jikin caja lokacin da kake ɗauka? Layin da ke nuna ƙarfin sauti yana kaiwa ja?

Ɗan Gwammaja:
Oga na gode. Daidai ramin jitar nake sa shi, kusan yana taɓawa, don na ga daga nan sauti yake fitowa. Caja kullum tana jiki saboda batirin ya yi rauni. Ja kuwa yana kaiwa, na ɗauka hakan shi ne an cika sauti.

Oga Mai Studiyo:
To madalla, ka amsa tambayarka da bakinka. Bari mu fara da randar.

Ramin nan ba daga nan dukkan sautin jita yake fita ba. Fuskar katakon ce take rawa ta ba da yawancin abin da kunnenka yake so. Ramin numfashin cikin jitar ne, irin abin da kake ji in ka hura bakin kwalba. A manyan jitoci iskar cikin tana amsawa a wajen 100 Hz, wato girgiza sau 100 a daƙiƙa. G ɗinka na ƙasa, wanda ke gaɓa ta 3 a tsirkiya mai kauri, cikin gaɓoɓin da ƙarafa suka raba a wuyan jita, 98 Hz ne. Ka ga sun haɗu. Bayan haka makirufo irin naka, wanda yake ji ta gaba kawai, yana da hali: duk lokacin da ka matso da shi kusa sosai sai ya ƙara wa sauti kauri. Masu labarai a rediyo suna son wannan don yana cika murya, amma a bakin ramin jita ɓarna yake yi.

Sai ɗakin. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Ƙafa 12 kusan mita 3.66 ke nan. In ka raba 343 da ninkin wannan tazara za ka samu kusan 47, ninkinsa kuma kusan 94. Wato tsakanin bangayenka biyu akwai sautin da yake kai-komo yana taruwa a wajen 94 Hz, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, abin ya zo sau biyu. Jita, makirufo da ɗaki duk sun taru a kan G ɗinka. Dole ka ji randa.

Abin da za ka yi yau da daddare: ɗauke makirufon daga ramin, kai shi daidai gaɓa ta 12 zuwa ta 14, inda wuya ya haɗu da jiki, ka ja shi baya kamar taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, santimita 20 zuwa 30. Kada ka taɓa komai bayan wannan. Ka ɗauki daƙiƙa talatin ka saurara.

'Yar Damagaram:
Sannunku da aiki. Oga ya faɗi gaskiya. Zan ƙara wata dabara da nake yi. Ka sa wani ya riƙe jitar yana kaɗawa, kai kuma ka toshe kunne ɗaya da yatsa, ka riƙa zagaya ɗaya kunnen a gaban jitar, sama, ƙasa, wajen wuya, bayan jakin da tsirkiyoyi suke hawa. Inda ka ji ya yi maka daɗi, nan makirufo zai zauna. Kunne biyu yana ɓoye wa mutum aibin ɗaki, makirufo kuwa kunne ɗaya gare shi.

Kuma ƙanena, duba makirufon da kyau. Yawancin manyan kwandensa ta gefe suke ji, gefen da tambari yake. Na taɓa koya wa wata yarinya a nan, sati guda tana nuna wa jita kan makirufon kamar na masallaci, sautin yana zuwa nesa-nesa, ta kusa haƙura da ɗauka gaba ɗaya. Juyawa kawai muka yi.

Ɗan Zangon Kumasi:
Duk na yarda, amma har yanzu ina kan bakana. Ni da na koma dainamik hayaniyar titi ta ragu sosai. Kunnena ne shaida.

Oga Mai Studiyo:
Ban ƙaryata kunnenka ba, ɗan uwa. Amma tuna yadda kake ajiye shi. Da yake dainamik ba ya kwaso sauti da ƙarfi, dole ka matso da shi kusa. Duk lokacin da ka rage tazara da rabi, sautin jita yana ƙaruwa da kusan 6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti, hayaniyar titi kuwa tana nan yadda take. Kusancin ne ya yi maka yawancin aikin. SM57 makirufo ne nagari, ina da shi, ina sa shi a jita in ana son kiɗa mai duka. Sai dai yana buƙatar a buɗe geyin, maɓallin ƙara ƙarfin makirufo, sosai, kuma ƙaramin saun kad in aka kai shi ƙarshe sai ya fara huci "shhhh". Yaron nan zai iya sayar da ƙugi ya sayo huci.

Ɗan Zangon Kumasi:
Hucin kam ina da shi kaɗan, ba zan ɓoye ba. Amma na fi iya zama da shi a kan hon ɗin motoci.

Mai Wayarin:
Salamu alaikum. Ni ba makaɗi ba ne sosai, aikin wuta nake yi, amma ƙugin nan fannina ne. Wutarmu a Najeriya da Nijar da Ghana tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. In ta samu hanyar shiga layin sauti, 50 Hz za ka ji, da 'ya'yanta 100 da 150 da sauransu. Ka lura 100 ɗin ma ya sake faɗawa kusa da G ɗin da Oga yake magana.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Sa hedfon, kunna makirufo, kada ka kaɗa komai, sai ka zare cajar laftof daga jiki. In ƙugin ya ɗauke nan take, an kama ɓarawo. In bai ɗauke ba, kashe fanka, kashe ƙwan fitila, cire cajar waya, ɗaya bayan ɗaya, kana saurare. Raba wayar makirufo da wayar wuta, kada su kwanta tare. In dole su haɗu, su gitta juna su wuce.

Janareto da inbata su ma nasu dabam. Ƙaramin janareto yana bukatar juyi 3,000 a minti kafin ya ba da 50 Hz, kuma da an kunna firji ko dutsen guga sai juyin ya sauka, ƙugin ya canza murya. Shi ya sa in ka yanke 50 Hz a manhaja ba ya kamawa daidai, abin da kake farauta yana motsi. Inbata mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul kuwa "zzzz" take bayarwa mai kaifi.

Abu ɗaya nake roƙo don Allah. Za ka ji wasu suna cewa a karya ƙafa ta uku ta fulogi, ta atin, wai ƙugi zai tafi. Wani lokaci yana tafiya. Amma wannan ƙafar ita ce take kai wuta ƙasa in wani abu ya lalace a cikin na'ura. In babu ita jikinka ne hanya, ga ƙarfen makirufo a hannunka, ƙafarka a kan tayil. Kada ka yi.

Ɗan Gwammaja:
Jama'a na dawo. Allah ya saka da alheri. Na zare caja, ƙugin ya ɗauke kamar an rufe famfo. Na mayar, ya dawo. Na yi haka sau huɗu don in tabbatar. Na kai makirufo gaɓa ta 12 kamar yadda Oga ya ce, kaurin ya ragu fiye da rabi, yanzu ina jin kowace tsirkiya. Yaya ta Damagaram, nawa ma ta gefe yake ji, amma Allah ya taimake ni gefen daidai nake nunawa.

Sai dai sabuwar matsala: da na ja shi baya, ina jin ɗakin. Sautin yana da wani jela kamar ana magana a banɗaki. Kuma batirina minti arba'in yake yi.

'Yar Damagaram:
Minti arba'in ya ishe ka ɗaukar waƙa biyu in ka shirya. Ka yi atisayenka da caja a jiki, in za ka danna ɗauka ka zare.

Jelar nan amsa-kuwwa ce. Tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya. In ka ji "trrr" yana bin bayan tafin, bangaye ne suke jefa wa juna sauti. Ni ɗakina ma siminti ne. Ga yadda nake yi. Nakan jingina katifa a bango, in zauna na ba ta baya, tazarar taku ɗaya. Mutane suna sa katifa a bayan makirufo, alhali bayansa ne inda ba ya ji. Abin da yake bayanka kai makaɗi shi makirufo yake kallo. Sai in shimfiɗa darduma mai kauri a ƙasa tsakanina da shi, in buɗe ƙofar sif ɗin kaya gefe guda, in saki labule. Bayan makirufon kuma in juya shi wajen taga, inda hayaniya take shigowa. Kada ka zauna tsakiyar ɗaki daidai, kada kuma ka shige lungu, kauri a lungu yake taruwa.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ka nemi kiret ɗin ƙwai ka manna a bango, studiyo da yawa a nan haka suka yi.

Oga Mai Studiyo:
A'a, wannan kam ban yarda ba ko kaɗan. Na shiga ɗakuna da yawa da aka lulluɓe da kiret. Kwali ne siriri. Ɗan abin da yake taɓawa sautin sama ne, shi ma kaɗan. Sautin 100 Hz tsawon igiyarsa ya haura mita 3, ta yaya kwali mai kaurin farce zai tare shi? Abin da ake samu shi ne a kashe ɗan hasken sautin ɗakin a bar kaurin, ɗaki ya ƙara zama randa. Ga kyankyasai, ga haɗarin gobara. Katifar da ƙanwarmu ta ambata ta fi kiret ɗari, don kauri da laushi su ne suke shan sauti. In ka bar ɗan fili tsakaninta da bango ma ta fi aiki.

Saura tsagewar. Ja ba cika ba ne, ambaliya ce. A kwamfuta 0 dB shi ne rufi, duk abin da ya wuce shi sai a fille masa kai, kuma ba ya gyaruwa daga baya. Kaɗa wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ka riƙa rage geyin a jikin saun kad har ƙololuwar ta tsaya tsakanin -12 da -6. Ka sa saun kad a 24 bit, saitin ingancin ɗauka, in yana yi. Za ka ga zanen sautin ya yi ƙarami a allo, kada ya tsorata ka, ɗagawa daga baya abu ne mai sauƙi. Rage shi a cikin manhaja bayan ya riga ya tsage a ƙofa ba ya amfani.

Ɗan Agadas:
Ina bin ku tun farko, ina ƙaruwa. Tambayata ta waya ce. Mu a nan jita ba baƙuwa ba ce, amma yawancinmu da waya muke ɗauka. Nawa sautin yana hawa yana sauka shi kaɗai, in na bar tsirkiya tana amo sai ya yanke ta kamar an shaƙe.

'Yar Damagaram:
Sannu ɗan uwa. Wayar tana ɗauka magana kake yi. An tsara ta ta ɗaga murya in ta yi ƙasa, ta danne in ta yi sama, ta share duk wani amo mai tsawo don tana ganin hayaniya ce. Amon jita kuwa shi ne daɗinta. Nemi manhajar ɗauka da za ta ba ka damar kashe rage hayaniya da daidaita ƙarfi na kai-da-kai, kuma ta ajiye maka a WAV, irin fayil ɗin sauti da ba a matse shi ba. Ka sa wayar a yanayin jirgi, don neman sabis yana sa "dit-dit-dit" a ɗauka. Ka ɗora ta kan matashi, makirufonta na ƙasa yana kallon gaɓa ta 12. In za ka tura wa wani, tura shi a matsayin fayil. Saƙon murya matse shi yake yi sosai, don magana aka yi shi.

Ɗan Zangon Kumasi:
To ai Audacity ma yana da abin cire hayaniya. Me ya sa ba za a ɗauka kawai a goge daga baya ba?

Oga Mai Studiyo:
Yana da shi, kuma yana amfani in an sa kaɗan a kan huci mai tsayawa wuri ɗaya. In ka matsa masa sai jitar ta koma kamar ana kaɗa ta a ƙarƙashin ruwa, amon ƙarshe yana kyarma. Abin da nake yi wa kusan kowace jita shi ne yanke abin da ke ƙasa da 70 ko 75 Hz. Tsirkiya mafi kauri, E, a 82 Hz take, don haka ƙasa da nan babu kiɗa sai girgizar mota da takun ƙafa. In har yanzu da sauran kauri, a rage 2 ko 3 dB a wajen 100 zuwa 250, ana saurare. Fiye da haka gara a koma a gyara zaman makirufo.

Ɗan Gwammaja:
Alhamdu lillahi. Na jira har bayan sallar isha'i unguwa ta yi shiru, na kashe fanka, na jingina katifa, na rage geyin. Da na saurara sai da na kira ƙanwata ta ji, ta ce yanzu ne ta ji jitar da ta sani. Gumi kam na sha shi.

Amma da komai ya washe sai na gano wani abu da dā kaurin ya ɓoye. Akwai "zrrr" a tsirkiya ta huɗu da ta biyar, wajen gaɓa ta 2 zuwa ta 4. Na zare komai daga wuta yana nan. Da na kasa kunne sai na ji a jitar kanta yake. Da damina ba ta yi.

Baba Mai Gyara:
Yarona, na yi shiru ne ina jiran a zo nan, don tun da na ga ɗan Gwammaja ne kai a Kano kuma ga lokacin da muke ciki na san za a zo. Hunturu ne. Shafa hannunka a gefen wuyan jitar. Ka ji bakin ƙarafan gaɓoɓin suna kartar ka?

Ɗan Gwammaja:
Ƙwarai kuwa Baba, har suna kama min fata. Na ɗauka dā ma haka suke.

Baba Mai Gyara:
Ba haka suke ba. Katako ne ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai ya leƙo. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya zauna wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Hunturun arewa yana sauka ƙasa da haka nesa ba kusa ba, kai ma ka ga yadda leɓe da diddige suke tsagewa. Fuskar jita mai lafiya tana da ɗan tudu kaɗan. In ta bushe sai ta lotsa, jaki ya sauka da ita, tsirkiya ta matso kusa da ƙarafa ta riƙa gogar su. Shi ne "zrrr" ɗinka. In aka bar ta haka, wata rana da safe za ka tarar da tsaga daga jaki zuwa gindi. Na ɗinke irin wannan ba adadi, kuma duk yadda aka ɗinke ba ta komawa kamar dā a ido.

Kada ka taɓa ƙarfen da ke cikin wuya, wanda ake daidaita wuyan da shi, tukuna. Yara da sun ji zrrr sai su ɗauko makulli su yi ta murɗawa, damina ta zo katako ya sha ruwa, sai kuma tsirkiya ta yi sama ba ta dannuwa. Ka fara ba ta ruwa. Samo soso sabo, jiƙa shi, matse shi sosai har ya daina ɗiga, sa shi a robar sabulu mai huji, ka ajiye cikin jakar jitar ka rufe. Kada soson ya taɓa katako. Kullum ka duba, in ya bushe ka sake jiƙawa. Ka daina jingina ta a bango tana shan iska, kada kuma ka bar ta a mota ko inda rana take bugawa. Ba ta kwana biyar zuwa sati.

Tsirkiyoyin kuma yaushe rabonka da canzawa?

Ɗan Gwammaja:
Baba tun da na saye ta, an fi shekara. Ta ɗaya kawai na canza da ta tsinke.

Baba Mai Gyara:
To canza su duka, amma bayan ta sha danshi, kuma ka sayi masu kauri irin na jikinta don kada jan da suke yi wa wuya ya sauya. Gumi da ƙura suna shiga tsakanin naɗin waya su kashe amo, babu makirufon da zai dawo da shi. Sababbi kuma kada ka ɗauka a ranar da ka ɗaura, suna da ƙara kamar kwano kuma ba sa zama a saiti. Ka kaɗa su kwana biyu su kwanta. In ka gama kiɗa ka goge su da busasshen ƙyalle. Kuɗin da ka tara, ga inda kaɗan daga ciki zai tafi.

Mai Wayarin:
Sauran kuma in ka samu hali ka canza batirin laftof ko ka nemi caja ta asali. Yawancin na bakin titi ba su da abin tace wuta a ciki, shi ya sa suke zubo datti a layin sauti.

Ɗan Gwammaja:
Na ji, zan fara da batiri in sha Allah. Baba na sa soson tun jiya. Yau da safe na buɗe na tarar ya bushe ƙarau kamar ba a taɓa jiƙa shi ba, na sake jiƙawa. Tambaya ɗaya: jakata ta yadi ce mai zif, ba akwati ba. Za ta riƙe danshin kuwa?

Baba Mai Gyara:
Ba za ta riƙe sosai ba. Samo babbar leda, irin wadda ake rufe sabuwar katifa, ka zura jakar gaba ɗaya a ciki ka ɗaure bakin. Ran Juma'a ka shafa gefen wuyan ka gaya min ko ƙarafan sun fara komawa.